Cocin Víðimýri

Cocin Víðimýri wata ƴar ƙaramar coci ce a ƙauyen yankin Skagafjörður, arewacin ƙasar Ayislan, kusa da ƙauyen Varmahlíð. Tana cikin ƴan cocin ƙasa guda 6 ɗin da suka rage a ƙasar, wato waɗanda ake yanko ƙasa da ciyawarta ana jerawa a yi bango da rufi, gaba da baya kuma katako.

Tarihi

Ana kyautata zaton akwai coci a wajen tun jim kaɗan bayan ƙasar ta karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. A zamanin Katolika an keɓe ta ne ga Maryamu da Bitrus. Ginin da ke tsaye yanzu na 1834 ne, wani kafinta Jón Samsonarson ya gina shi, daga baya ma ya zama ɗan majalisa. Ƙararrawan kuwa sun girmi ginin nesa ba kusa ba, na 1630 ne. A da har zama a ciki da tsarinsa, maza a kudu mata a arewa, masu hali a gaba talakawa can bakin ƙofa.

Limamai

Wanda ya fi shahara shi ne Guðmundur Arason (1161–1237), wanda talakawa suke ce wa Nagari saboda yadda yake kwasar abin hannunsa ya rabar musu. Yana limanci a nan ne ƙarƙashin Kolbeinn Tumason, mai faɗa-a-ji na yankin da ke zaune a Víðimýri, kuma shi Kolbeinn ɗin ne ya tsaya kai da fata sai an ba Guðmundur bishop na Hólar, wato na arewacin ƙasar, aka naɗa shi a 1203, wai a tunaninsa ya samu wanda zai riƙa juyawa, ashe ba haka ba ne, don Guðmundur ya kafe cewa sarakuna ba su da ikon yi wa limamai shari'a. Rigima ta yi ta ruruwa har aka gwabza yaƙi a Víðines, kusa da Hólar, a 1208, inda dutse ya sami Kolbeinn a ka ya mutu. An ce dab da mutuwarsa ya tsara wata waƙar addu'a, har yau ana rera ta a coci-cocin Ayislan. Masana sun rabu kan wa ya fi laifi tsakanin Guðmundur da Kolbeinn.

Bayan 1550 cocin ta koma ɗariƙar Luta kamar sauran coci-cocin Ayislan.

Yanzu

Tun 1936 Gidan Tarihi na Ƙasa ke kula da ita.