Shafa kala a lokacin hutu da ƙarfafa yatsun yara

Shafa kala wani aiki ne da ake ba ƙananan yara, a miƙa musu takarda mai zane su cike ta da kireyon ko fensirin kala, ko kuma farar takarda su zana abin da ransu ya so. A Zariya an fi saninsa a ajin naziri, amma lokacin hutu ne ya fi samun wuri, ƙaramar sallah da babba, hutun Disamba, da dogon hutun nan na damina da yara ke wuni a gida ba abin yi sai rigimar wayar mama. Da yawa ana ɗaukarsa abin lallashin yaro ne kawai ya bar mutane su huta, alhali horo ne na gaske ga ƙananan tsokokin hannu, waɗanda da su yaro zai riƙe biro da alƙalami, ya saka maɓallin riga, ya ci abinci da cokali.

Yadda hannun yaro ke ƙwarewa

Iko da hannu daga sama yake saukowa, kafaɗa tukuna, sai gwiwar hannu, sai wuyan hannu, yatsu su ne na ƙarshe. Wajen wata 9 zuwa 12 jariri yake fara tsintar ƙwayar shinkafa da babban yatsa da manuniya. Ɗan shekara 1 da rabi damƙe kireyon yake a dunƙulen hannu, in ka lura za ka ga duk hannun ne ke tafiya tun daga kafaɗa, shi ya sa zanen ke tsallake takarda ya hau tabarma. Riƙo da yatsu uku irin na manya sai wajen shekara 4 zuwa 6 yake zama daidai. A galibi ɗan shekara 2 yana iya kwaikwayon layi, ɗan 3 da'ira, ɗan 4 layi biyu a giciye, ɗan 5 kuma mai kusurwa uku, duk da kowane yaro da nasa saurin.

To kun ga ɗan shekara 3 da ake tsarewa da tsawa wai kar ya fita layi, abin da hannunsa bai kai ba ake nema a wurinsa, ƙarshe ma ya tsani takardar gaba ɗaya.

Asalinsa

Friedrich Froebel ɗan Jamus, wanda ya raɗa wa makarantar ƙananan yara sunan kindergarten a 1840, ya saka zane da naɗe takarda cikin karatunsu. Maria Montessori ta buɗe nata gidan yaran a Rum a 1907, tana sa su bi gefen siffofi da fensir su cike ciki kafin su fara rubutu. Kireyon ɗin Crayola kuwa a 1903 ya fito a Amurka, kala 8 a kwali. Amma akwai malaman zane irin su Viktor Lowenfeld da suka soki littattafan kala, a ganinsu cike zanen wani na danne basirar yaro, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa ya fi kyau a haɗa biyun, yau mai zane gobe farar takarda.

Yadda ake yi a gida

Ba sai an sayi littafi mai tsada ba, bayan tsohuwar kalanda ko kwalin indomi ya isa, kireyon kuma akwai shi a shagunan littattafai na Sabon Gari da Samaru. Babba ya zana abu da layi mai kauri, jinjirin wata, fitila, hula, ragon layya, dokin hawan sallah da kwalliyarsa. Gidajen da ba sa son zanen mai rai ba su rasa abin yi ba, ga dagin Arewa, ga zanen bangon gidajen cikin birni da na ƙofar fadar Zazzau, ga zayyanar allo, duk siffofi ne masu ƙananan gurabe da ke sa yatsu aiki sosai.

Dabarar da masu gyaran motsin hannu ke yawan bayarwa ita ce a karya kireyon ya zama guntu, don guntu ba ya damƙuwa a tafi, dole yaro ya sa yatsu uku. A liƙa takardar a bango wani lokacin, in yana tsaye yana shafa kala, kafaɗa da wuyan hannu na yin ƙarfi. Ɗayan hannun kuma shi ke danne takarda, wannan ma koyo ne. Minti 10 zuwa 15 ya wadatar wa ƙarami, in ya gaji a ƙyale shi.

Yaron da bai kai shekara 3 ba kar a bar shi shi kaɗai da guntayen kireyon ko murfin biron kala saboda komai baki yake kaiwa, kuma kar a ba shi ragowar fentin gida don wani yana ɗauke da dalma. Bahagon yaro kuwa, wanda a nan aka saba buge masa hannu, a koya masa cin abinci da gaisuwa da dama kamar yadda tarbiyya ta tanada, amma wajen kala da rubutu a bar shi da hannun da ya fi masa sauƙi, a ɗan karkata masa takardar zuwa dama don ya riƙa ganin abin da yake shafawa.