Maganin damina na yara: kwana uku ake sha, ba kwana ɗaya ba

Da zarar damina ta kankama, wajen watan Yuni ko Yuli, masu rabon magani kan fara bin gida-gida suna tambayar yara 'yan wata 3 zuwa wata 59. Abin da suke rabawa rigakafin zazzaɓin cizon sauro ne, wanda ma'aikatan lafiya ke kira SMC. Iyaye suna karɓa hannu bibbiyu, amma a gidaje da yawa ƙwayar ranar farko kawai yaro ke sha. Sauran biyun sai su ƙare a cikin kwalla ko ƙarƙashin katifa, wai an ajiye "sai ranar da jikinsa ya yi zafi". A nan aikin yake lalacewa, kuma aiki ne da likitoci suka kwashe shekaru fiye da ashirin suna gwadawa kafin ya iso ƙofar gida.

Cikin waɗanda suka fi daɗewa a kan wannan bincike akwai Farfesa Brian Greenwood, likita ɗan Ingila. Ya fara aiki a Asibitin Koyarwa na Ibadan a 1965, sannan a 1970 ya zo Zariya, ya shiga cikin waɗanda suka kafa sashen koyar da likitoci na Jami'ar Ahmadu Bello. Shekara goma ya yi a can yana duba marasa lafiya, yana koyarwa, yana nazarin sanƙarau da maleriya. A 1980 ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta MRC har shekara goma sha biyar, daga nan ya wuce makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Landan.

A Gambiya ne shi da abokan aikinsa suka nuna cewa idan ma'aikatan lafiya na ƙauye suna ba yara maganin maleriya a kai a kai, tun ba su kamu ba, mace-mace na raguwa. A can ne kuma aka samu ɗaya daga cikin hujjojin farko cewa gidan sauro mai magani yana ceton rayukan yara. Sai dai shan magani babu ƙaƙƙautawa yana da nasa cikas: iyaye na gajiya, kuɗi na ƙarewa, ga fargabar ƙwayar cutar ta saba da maganin. Dabarar da ta warware wannan ita ce duba yanayin ƙasa. A yankin Sahel mafi yawan zazzaɓin shekara yana taruwa ne cikin wata huɗu na damina da ɗan bayanta, don haka babu dalilin shan magani a watan Maris. Wani likita ɗan Senegal, Badara Cissé, ya jagoranci gwaji a yankin Niakhar tare da Greenwood, inda aka ba yara magani sau ɗaya a wata har sau uku. Sakamakon da aka buga a 2006 ya nuna kamuwa ta ragu da kashi 86 cikin ɗari. Gwaje-gwaje a Mali da Burkina Faso suka tabbatar yana ƙara kariya ko ga yaron da ke kwana a gidan sauro. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da tsarin, a 2013 aka fara shi a wasu ƙananan hukumomin Jihar Katsina.

Magani biyu ne a cikin fakitin. Na farko SP, wanda mutane suka fi sani da Fansidar, ƙwaya ɗaya tak. Na biyu amodiyakwin, ƙwaya uku. Ranar farko yaro zai sha SP da amodiyakwin ɗaya a gaban mai rabo. Rana ta biyu uwa ta ba shi amodiyakwin ɗaya, rana ta uku ta ba shi na ƙarshe, kusan lokaci guda kowace rana. Fakitin iri biyu ne: ɗan wata 3 zuwa 11 yana shan SP mai miligiram 250 da amodiyakwin mai kimanin 75, ɗan wata 12 zuwa 59 kuma ninkin haka. Kada a musanya fakitin jariri da na yayansa.

Dalilin kwana ukun shi ne, yara da yawa a damina suna ɗauke da ƙwayar cutar a jininsu ko da suna wasansu garau. Cikakken shan kwana uku ne ke share wannan, sannan ragowar maganin da ke yawo a jini ya tare sabuwar kamuwa ta kusan mako huɗu. Yaron da ya sha na ranar farko kaɗai, kariyarsa ba ta kai ba, kuma ƙwayoyin cutar da suka tsira daga rabin magani su ne ke yaɗa irin cutar da ba ta jin magani. An ga yadda aka yi asarar kulorokwin. A gabashin Afirka ma SP ya riga ya yi rauni sosai. A yankinmu har yanzu haɗin yana aiki, kuma babu wani magani mai arha irinsa da ke jiran maye gurbinsa. Mako huɗun nan ne ya sa ake dawowa bayan kwana 28, zagaye huɗu, a wasu jihohi kuma zagaye biyar. Yaron da ya tsallake zagaye ɗaya, wannan watan a buɗe yake.

Ƙwayoyin yanzu masu narkewa ne. A sa a cokali ko ƙaramin kofi, a zuba ruwa mai tsafta kaɗan wanda zai rufe ƙwayar, a jira ta narke, a ba yaro yana zaune. A ƙara 'yan ɗigo a ɗauraye abin da ya maƙale, shi ma ya shanye. Ruwa mai yawa kuskure ne, domin yaro zai sha rabi ya ture sauran. Ɗura kuwa, wato toshe hanci a kwantar da yaro a zuba masa, tana iya tura maganin cikin huhu. A haƙura a lallashe shi. Amodiyakwin yana da ɗaci ko da an sa masa ɗanɗano, kuma yakan tayar da zuciya, shi ya sa ya fi kyau yaro ya ɗan ci abinci ko ya sha nono tukuna. Idan ya amayar ko ya tofar cikin minti 30, a bar shi ya huta kamar minti 10 a sake ba shi sau ɗaya. Idan a gida abin ya faru, kada a ɗauko ƙwayar gobe a cike gurbi, a nemi mai rabo ko asibitin unguwa su ba da wata.

Akwai yaran da ba a ba su. Jaririn da bai kai wata 3 ba. Yaron da ke shan Septrin, musamman wanda asibiti ya ɗora a kansa kullum, domin shi da SP dangi ɗaya ne. Yaron da ya sha SP ko amodiyakwin cikin kwana 28 da suka wuce, don haka uwa ta faɗi gaskiyar abin da aka sayo a kemis. Da wanda ya taɓa yin ƙuraje ko kumburi bayan shan irin waɗannan magunguna. Yaron da ke da zazzaɓi a ranar rabo, asibiti za a kai shi a yi gwajin jini na ɗan yatsa. Idan maleriya ce, maganin warkarwa zai sha, ya jira zagaye na gaba. Idan ba ita ba ce, kuma jikinsa bai yi tsanani ba, zai iya shan rigakafinsa a nan.

Wata al'ada da ta yawaita ita ce raba ƙwayar da yayye 'yan shekara shida ko bakwai. Tausayi ne, amma asara biyu ce: adadin ya yi wa babban kaɗan, ƙaramin kuma ya rasa nasa.

Ɗan amai, laushin jiki ko ciwon ciki na kwana ɗaya ba abin tayar da hankali ba ne. Amma idan ƙuraje suka feso, ko baki ya yi gyambo, ko ido ya yi rawaya kamar na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, a dakatar da maganin a tafi asibiti da katin yaron da ragowar fakitin. Haka nan rigakafin ba ya toshe cutar ɗari bisa ɗari. Yaron da ya sha cikakke ma, idan jikinsa ya yi zafi a gwada shi a ranar. Jijjiga, ƙin shan nono, suma, numfashi sama-sama ko tafin hannu ya yi fari fat, alamu ne na tafiya asibiti nan take, ko tsakar dare ne.

Greenwood yana cikin waɗanda suka yi gwajin haɗa SMC da allurar rigakafin maleriya a Mali da Burkina Faso, wanda aka buga a 2021. Yaran da suka samu duka biyun, kwanciyarsu a asibiti saboda maleriya mai tsanani ta ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari a kan waɗanda suka samu ɗaya kawai. Nijeriya ta fara ba da allurar rigakafin maleriya mai suna R21 a watan Disamba 2024, a jihohin Kebbi da Bayelsa. Inda allurar ta iso, yaro zai yi ta, zai sha maganin damina, kuma zai ci gaba da kwana a gidan sauro. Ɗaya ba ya ɗauke ɗaya. Katin da mai rabo ya bari a adana shi, a sa alama bayan ƙwayar rana ta biyu da ta uku, a nuna shi idan sun dawo.