Suwastika

Suwastika alama ce mai kama da gicciye: hannuwa huɗu daidai wa daida, kowanne ya lanƙwashe a ƙarshensa, duka suna bin gefe ɗaya, ko dama ko hagu. Sunan daga harshen Sanskirit na Indiya ya fito, inda "su" ke nufin alheri, "asti" kuma kasancewa, wato zama lafiya. Amma zanen ya girmi sunan nesa ba kusa ba. An gan shi a jikin hatiman kwarin kogin Indus, a Fakistan ta yau, waɗanda suka haura shekara 4,000. An gan shi a tukwanen Girkawan dā, da kuma tagogin cocin da aka sassaƙa cikin dutse a Lalibela ta ƙasar Habasha.

A Asiya har gobe tana nan da darajarta. 'Yan Hindu kan zana ta a bakin ƙofa, da wajen ɗaurin aure, da shafin farko na littafin lissafin ɗan kasuwa, don neman albarka. Mabiya addinin Jain suna ɗaukar hannuwan huɗu a matsayin halaye huɗu da rai ke iya samun kansa a ciki. A Japan ana kiranta manji, da ita ake nuna wurin ibadar mabiya Budda a kan taswira.

Mu da ke zangunan Kumasi ba sai mun je nesa ba. Tonawa, wato Asante, da sauran ƙabilun Akan na Ghana sun shafe ƙarnuka suna ciniki da garin zinariya, suna auna shi da 'yan ƙananan ma'aunai na tagulla da suke kira abrammuo. Maƙeri kan fara siffanta ma'aunin da kakin zuma, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa har kakin ya narke ya tsiyaye, sannan ya ɗura narkakkiyar tagulla a gurbinsa. Idan ka ɗora ɗaya a tafin hannu, sau da yawa bai wuce girman ɗan yatsa ba, za ka ga zanen ya taso a samansa, gefunan sun yi sulɓi saboda yawan taɓawa. Suwastika na cikin zanen da suka fi yawa a kan ma'aunan masu kusurwa huɗu. Wani ɓangare na tsarin awon kansa daga miskalin fataken Musulmi ya samo asali, waɗanda suka sauko daga arewa neman zinariya, kuma an ci gaba da aiki da ma'aunan har ƙarshen ƙarni na 19.

A cikin zanen adinkra ma, irin wanda masu buga zane na Ntonso kusa da Kumasi ke yi da tambarin duma, akwai mai suna nkotimsefo mpua. Asalinsa salon askin wasu hadiman fadar Asantehemaa ne, uwar sarautar Asante, kuma siffarsa 'yar'uwar suwastika ce.

Lalacewar sunanta a Turai ta faro ne bayan Bajamushen nan Heinrich Schliemann ya tono ta a kufan birnin Troy, a Turkiyya, cikin shekarun 1870. Masu aƙidar fifikon launin fata suka yi caraf suka ce tambarin kakanninsu ne, wai Ariyawa. A 1920 jam'iyyar Nazi ta Adolf Hitler ta ɗauke ta: baƙa, a karkace, cikin farin da'ira a kan jan ƙyalle. A 1935 ta zama tutar Jamus. Ƙarƙashin wannan tuta aka hallaka Yahudawa miliyan 6, da 'yan ƙabilar Roma, da naƙasassu, don haka wanda ya gan ta gabansa ya faɗi yana da hujjarsa, kuma matashin da ya manna ta Nazi a jikin babur don ado ya taɓa ciwon da bai san zurfinsa ba. Dokar Jamus ta haramta nuna ta a bainar jama'a, in ba don koyarwa, bincike ko makamantansu ba.

Sai dai abin takaici ne a dubi ma'aunin da maƙerin Asante ya zuba tun kafin a haifi kakan Hitler a kira shi kayan Nazi. Jamusawan ma Hakenkreuz suke kiran tasu, gicciye mai ƙugiya, kuma shugabannin Hindu da Budda da Jain sun daɗe suna roƙon a riƙa kiran ta Nazi da wannan suna, a bar musu nasu.