Me ake nufi da auna shekarun ƙasusuwan mutanen da?

Idan aka ji a rediyo cewa an tono ƙasusuwan mutanen da a wani kogo, kuma sun kai shekara dubu kaza, tambayar da ke fara fitowa a majalisar ƙofar gida ita ce: wa ya gaya musu? Auna shekarun ƙashi shi ne hanyoyin da masana ke bi su ƙiyasta tsawon lokacin da ƙashi ya yi a binne, kuma tushensa abu ne da kowane mai haƙar rijiya a ƙauyukan Jigawa ya sani. Yana ratsa yashi, ya tarar da jar ƙasa, sannan marmara, kuma ya san abin da ke ƙasa ya riga na sama kwanciya. Sai dai wannan yana nuna wanda ya girmi wani ne kawai, ba ya ba da adadin shekaru.

Adadin yana fitowa ne daga gwaji. Wanda aka fi sani shi ne gwajin kabon-14, da Willard Libby ya ƙirƙiro a Amurka a ƙarshen shekarun 1940. Duk abu mai rai yana tara wannan sinadari a jikinsa, da ya mutu sai tarawar ta tsaya, rabin abin da ya tara kuma yana zagwanyewa a duk shekara 5,730, don haka ragowar ita ke nuna daɗewar mutuwarsa. Da shi aka auna kwalekwalen Dufuna, wanda aka ci karo da shi wajen haƙar rijiya a Yobe a 1987, aka samu ya kai kimanin shekara 8,000. Amma gwajin ba ya wuce wajen shekara 50,000.

Abin da ya fi haka tsufa, sau da yawa abin da ke kewaye da ƙashin ake aunawa, kuma a ganina nan ne hikimar take. Ruwan da ke ɗiga a kogo yana barin ɓawon farin dutse mai ɗauke da wani sinadari da ake kira yuraniyom, wanda ke rikiɗa a hankali bisa ƙa'ida sananniya. Idan ɓawon ya rufe ƙashi, to lallai ƙashin ya girme shi. Da irin wannan ɓawo da kuma gwajin haƙora aka auna ƙasusuwan kogon Rising Star na Afirka ta Kudu, waɗanda aka gano a 2013, aka sanya su tsakanin shekara 236,000 da 335,000. A Jebel Irhoud ta Maroko kuwa, makaman dutse da aka samu tare da ƙasusuwa, waɗanda wuta ta taɓa ƙonawa, aka auna, suka nuna kimanin shekara 300,000.

Shi ya sa nake damuwa idan na tuna duwatsun Birnin Kudu masu zanen shanu na mutanen da. Wanda ya tsinci ƙashi ko gawayi a ƙarƙashin irin wannan dutse ya cire shi ya wanke, ko da kyakkyawar niyya, ya raba shi da ƙasar da za ta shaidi shekarunsa, kuma ba a iya mayar da shi yadda yake kwance.