Me ya sa kuskure ke kuɓuce wa idon mai haɗa magani?

Yawan aiki na hana a gano kuskure?

Ƙwarai kuwa. Duban ƙarshe kafin a miƙa magani aiki ne na natsuwa: sunan majiyyaci, sunan magani, ƙarfinsa, adadin ƙwayoyi da yadda za a sha. Idan layi ya yi tsawo, takardun likita suka taru a kan kanta, sai karatu ya koma leƙe. Ido ya kama haruffan farko, ƙwaƙwalwa ta ƙarasa da abin da ta saba gani. Ta haka chlorpropamide, maganin ciwon sukari, zai iya fita a madadin chlorpromazine na taɓin hankali. Ɗigo ɗaya ma ya isa: a rubuta 1.0, ɗigon ya dushe, a karanta 10, majiyyaci ya sha ninki goma.

Me ya fi cutarwa a lokacin cunkoso?

A ganina, katse mutum yana tsakiyar aiki. Yana rabin duba takarda, waya ta yi ƙara, wani kuma ya leƙo da tambaya. Da ya dawo sai ya ɗauka ya riga ya duba ƙarfin maganin, alhali bai kai wurin ba. Shi ya sa ake shawartar wanda aka katse ya sake farowa daga layin farko, ko da masu jira za su yi tsaki.

Gajiya fa?

A 1997, masu bincike biyu a Ostareliya, Drew Dawson da Kathryn Reid, sun nuna cewa awa 17 ba barci na rage kuzarin hankali kamar na wanda barasa a jininsa ta kai kashi 0.05 cikin ɗari. Mai aikin dare da ya zarce har safiya na iya shiga wannan hali bai sani ba.

To ba sai mutum na biyu ya sake dubawa ba?

Yana taimakawa, in dai na biyun ya duba da kansa, ba a faɗa masa abin da zai gani ba. Matsalar ita ce kowa na jingina da ɗan'uwansa: na farko ya ce ai za a duba, na biyu ya ce ai an duba. Ga shi yawancin takardu daidai suke, kuma abin da ba a cika cin karo da shi ba, ido na saurin tsallake shi.

Me za a gyara?

Cewa ma'aikaci "ka ƙara kula" ba ya rage layi. A keɓe wurin duba magani inda ba mai kiran sa, a ba shi hutu na gaske, a raba magunguna masu kama da juna a kan shiryayye, a rubuta ɓangaren da ya bambanta da manyan baƙi, kamar hydrOXYzine da hydrALAZINE. A kuma bari ya ba da rahoton kuskuren da aka tare ba tare da fargabar hukunci ba. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kurakuran magani na lashe dala biliyan 42 a shekara, ta kuma sanya gajiyar ma'aikata da ƙarancinsu cikin dalilan.