Yarjejeniyar Kampala da Haƙƙin Wanda Fari ko Ambaliya ta Raba da Ƙasar Kakanninsa

Idan aka ce ɗan gudun hijira a Katsina a yau, hankalin mutane yana komawa ne kan waɗanda 'yan bindiga suka tasa daga ƙauyukan Batsari, Safana ko Jibiya. Amma akwai wani rukunin da ba a cika lissafawa ba, wato manomin da rairayi ya binne gonarsa a arewacin Daura, da makiyayin da mashayar garkensa ta ƙafe, da iyalan da ruwa ya share wa gidaje kamar yadda ya faru a Jibiya cikin watan Yulin 2018. Dokar ƙasa da ƙasa ta san da zamansu, kuma takardar da ta fi fayyace haƙƙinsu ita ce Yarjejeniyar Kampala.

Ƙungiyar Tarayyar Afirka ce ta amince da yarjejeniyar a birnin Kampala na Uganda ranar 23 ga Oktoba, 2009, ta fara aiki a watan Disamban 2012, kuma Nijeriya ta tabbatar da shigarta a cikin wannan shekarar ta 2012. A ma'anar da ta bayar, ɗan gudun hijira na cikin gida shi ne wanda rikici, ko cin zarafi, ko bala'i ya tilasta wa barin mazauninsa, matuƙar bai ƙetare iyakar ƙasarsa ba. Sashe na 5 ya ambaci sauyin yanayi da sunansa, inda ya wajabta wa gwamnatoci kariya da tallafin waɗanda irin wannan bala'in ya raba da muhallinsu.

Wurin da ya fi dacewa a tsaya a kai shi ne sashe na 4, sakin layi na 5, wanda ya yi magana kan al'ummomin da rayuwarsu da al'adarsu suke ɗaure da wata ƙasa ta musamman, ya ce a yi ƙoƙarin hana tayar da su sai dai in akwai wata maslahar jama'a mai ƙarfi da ta rinjaya. Buduma na tsibiran Tafkin Chadi, waɗanda suke kiran kansu Yedina, misali ne a sarari, domin tafkin da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960 ya ragu zuwa kimanin kashi ɗaya cikin goma a shekarun 1980, kamun kifinsu da kiwon shanunsu suka bi ruwan. A nan gida kuwa, Bafulatanin da kakanninsa suka yi kiwo a dajin Ruma ba gona kaɗai yake rasawa ba idan ya tashi, yana rasa burtalin da ya sani, da makabartar iyayensa, da ardon da ke tsaya masa a gaban hakimi. Saboda haka ne sashe na 11 ya ba mutum zaɓi uku, ya koma gida, ko ya zauna inda ya sauka, ko a sake masa matsuguni, kuma bisa yardarsa. Sashe na 12 ya ƙara da cewa gwamnatin da ta ƙi kai ɗauki a lokacin bala'i nauyin biyan diyya yana wuyanta.

Sai dai tsakanin takarda da kotu akwai tazara. Sashe na 12 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce babu yarjejeniyar da za ta zama doka a Nijeriya sai Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ita, kuma an shafe fiye da shekaru goma bayan tabbatarwar ba a yi hakan ba, alhali maƙwabciyarmu Nijar ta yi tata dokar tun 2018, ta farko a nahiyar. Abin da Nijeriya ta samar a 2021 shi ne manufar ƙasa kan 'yan gudun hijira na cikin gida, tare da Dokar Sauyin Yanayi da marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa wa hannu a watan Nuwamba. Manufa jagora ce ga ma'aikatu, lauya ba ya iya dogaro da ita kamar yadda zai dogara da doka.

A ganina, babban giɓin yana cikin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Wannan doka ta damƙa filayen jiha a hannun gwamna, ta kuma tanadi diyya idan hukuma ta karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar ma ta abin da aka gina ko aka shuka ce. To hamada ba ta aiko da takardar karɓe fili. Gonar da take ba da dami ɗari tana komawa ba da ashirin, magidanci ya tafi cin rani Kano ko Legas, shekara ta zagayo bai dawo ba, daga bisani ya aiko a kai masa iyali, unguwar ta zama kufai, kuma babu ofishin da ya rubuta sunansa a matsayin wanda aka raba da muhallinsa.

Ga mutanen bakin iyaka kuma akwai ƙarin matsala. Wanda fari ya kora ya bi ta Kongolam ya shiga Nijar ya fita daga inuwar Kampala, Yarjejeniyar 'Yan Gudun Hijira ta 1951 kuma tana kare wanda ake tsanantawa ne saboda ƙabila, addini, asalin ƙasa, ra'ayin siyasa ko kasancewa cikin wani rukunin jama'a, fari ba ya cikin jerin.