Waiwaye: Maya Kuliyeba da ƙaddarar waƙar opera a Turkmenistan

A 2001 shugaban Turkmenistan, Saparmurat Niyazob, ya haramta opera, wato wasan kwaikwayon da ake rera zancensa gaba ɗaya da waƙa, da kuma rawar bale, yana cewa baƙin abubuwa ne da ba su dace da ɗabi'ar Turkmen ba. Maya Kuliyeba, shahararriyar mawaƙiyar opera ta ƙasar, na da shekara 80 da 'yan kai a lokacin. Sana'ar da ta ƙarar da rayuwarta a ciki ke nan aka soke dare ɗaya.

An haife ta ranar 1 ga Mayu, 1920, a Buzmeyin, kusa da Ashgabat, babban birnin ƙasar. Marainiya ce, a gidan marayu ta tashi. Muryarta ce ta kai ta makarantar koyon kiɗa da waƙa ta Mosko a 1938, zamanin da gwamnatin Sobiyet ke son kowace jamhuriya da ke ƙarƙashinta, har da Turkmenistan, ta mallaki opera tata. Ta dawo gida a 1941, shekarar da aka buɗe gidan opera na Ashgabat, yaƙi na ci a Turai.

A nan hujjar Niyazob ta yi rauni. Gaskiya ne salon na Turawa ne, amma labaran na gida ne: Zohre da Tahir, Shasenem da Garib, Laila da Majnun. Tun kaka da kakanni mawaƙan gargajiya da ake kira bagshi ke rera su da dutar, wani abin kiɗa mai tsirkiya biyu. Maya ta ɗauko su daga bakin bagshi ta hau dandali da su, makaɗa sun cika gabanta. Ta kuma rera manyan wasannin Turai. A 1955 aka ba ta lambar Mawaƙiyar Jama'a ta Tarayyar Sobiyet, mafi girma da mai fasaha zai samu a lokacin.

Niyazob ya rasu a Disambar 2006. A 2008 magajinsa Gurbanguli Berdimuhamedob ya ɗage haramcin, ya kuma naɗa Maya Jarumar Turkmenistan. Sai dai ɗage doka daban, tara mawaƙan da suka watse daban. An kai 2019 kafin a sake nuna cikakkiyar opera ta Turai a Ashgabat.

Maya ba ta gani ba. Ta rasu ranar 27 ga Afrilu, 2018, saura kwana huɗu ta cika 98. Babbar makarantar kiɗa ta ƙasar yanzu sunanta take amsawa.